Gashin Kyanwa a Tayar Jirgi

Mai gyaran agogo ba sai an gaya masa da su wa dattijon nan ke zaune ba. Rigarsa duk gashin kyanwa, ga sawun kare na laka a cinyar wandonsa, alamar har bakin ƙofa aka rako shi. Yana kwance hankicinsa a hankali, kamar mai tsoron fasa ƙwai. A ciki kan jirgin ƙasa ne na wasa, bai fi ɗan yatsa tsawo ba.

"Malam, duba min shi. Tun jiya ya ƙi motsi."

Mai gyara ya maƙala gilashi a ido, ya sa hantsaki. Farin gashi yake ta zarowa daga tsakanin tayoyin, sili-sili.

"Baba, ka riƙa rufe ɗakin mana."

"In rufe wa? A ramin da na yi wa jirgin cikin dutsen kwali kyanwar ta zaɓa ta haihu. Layin dogon na karkatar, ya zagaye ta."

"To saurin me kake yi?"

"Yayana ke zuwa gobe. Shekara talatin yana tuƙa na gaske. Yanzu ko sunana ba ya riƙewa, amma da ya ji ƙarar taya a kan dogo sai ya gyara zama."

Mai gyara ya hango ɗakin a zuci: tebur, kare a ƙarƙashi, kujeru biyu. Ya jona wayar batir, tayoyin suka kama juyawa.

Dattijon bai ko kalla ba. Kunne ya kara, idonsa a lumshe.

"Wannan kam zai ji," in ji shi.