Ranar da Garba Ya Haɗiye Turancinsa

A duk shekarun da na yi ina malamin gona, ranar da ta ƙi fita raina ita ce wadda na raka Garba intabiyu Gusau. Lokacin ba a daɗe da ƙirƙiro Jihar Zamfara ba, ina kula da wani gandun renon itatuwa a bakin gulbi, kusa da Bunguɗu. Aikinmu zuba iri a leda da ban-ruwa, in damina ta sauka a raba wa manoma dashen mangwaro, gwaiba da darbejiya.

Leburorinmu duk na wucin gadi ne. Ma'ana, ranar da aiki ya ƙare an sallame ka, ba fansho ba komai. Sai hedikwata ta aiko cewa za a ɗauki helma ɗaya, wato shugaban leburori, aiki na dindindin. Sharaɗin shi ne ya iya faɗin sunayen kayan aiki da Turanci, wai baƙi daga ƙasar waje za su riƙa zuwa duba gandun. Ni dai ban taɓa ganin dashen da ya ƙi kamawa don ba a yi masa Turanci ba, amma abin da babba ya ce shi ake yi.

Garba na tsayar. Ya fi kowa daɗewa, ga iyali, ga furfura ta fara leƙowa, kuma bai taɓa shiga ajin boko ba. Kullum in an tashi aiki sai mu zauna bakin sito, in ɗaga abu in faɗi sunansa, ya maimaita. Shebur da baro da diga ba su ba shi wahala ba; har dariya ya yi, ya ce ashe ya daɗe yana Turanci bai sani ba. Inda aka sha fama shi ne hauya, manjagara, butar ban-ruwa, sai kalmomin haƙa, cirar ciyawa da dashe. Amma mutumin akwai naci. Yana haƙa rami yana gaya wa ramin abin da yake yi da Turanci. Abokan aiki suka laƙaba masa Baturen Gona, bai kula su ba. Kafin damina ta tsaya, ko daga barci ka tashe shi zai karanto maka su tas.

Ranar intabiyu muka shiga mota da sassafe. Tsarin shi ne jami'ai uku a tebur, an jera kayan aiki a ƙasa, shugaban ma'aikaci kuma, wato ni, ya zauna a baya, ba ya cewa uffan. Na tsakiyar wani dattijo ne, Alhaji Bawa, babban jami'i da aka dawo da shi daga Tsafe kwanan nan.

Da aka kira Garba, yana ɗaga labule sai na ga ya yi turus. Ya tuɓe takalmi, ya wuce kujerar da aka aje masa, ya durƙusa ya yi gaisuwa kansa a ƙasa. Ƙaramin jami'in ya ɗaga manjagara ya tambaye shi. Shiru. Ya ɗaga butar ban-ruwa. Shiru. Ya ɗaga shebur, abin da ko yaron goye ya sani, Garba ko motsi. Ni kuwa a baya haushi kamar in tashi in amsa masa. Alhaji Bawa bai yi tambaya ko ɗaya ba, taga kawai yake kallo. Aka sallame mu, aka ba wani mutumin Wonaka aikin.

Sai da muka kai tasha na sauke masa kwandon faɗa. Ya bar ni na gama, sannan ya gaya mini Alhaji Bawa ƙanen mahaifin matarsa ne, shi ne ma waliyyin da ya ba shi aurenta.

"Malam, mi za ni yi?" in ji shi. "In buɗe baki in yi ma surukina Turanci, ido cikin ido? Aiki ana samun wani. Wanga kau, da wace fuska za ni koma gidanai?"

Daga baya na tari Alhaji Bawa da maganar. Ya ce sai da aka ɗaga labule ya san Garba ne. Ficewa a lokacin za ta zama kamar ya yi wa sauran jami'an nuni da nasa, sa baki kuma a ce son kai. Ya ce da Garba ya yi magana, da shi ya fi shi jin nauyi.

Garba ya ci gaba da leburanci har aka rufe gandun, aka sallame shi hannu rabbana. Bai taɓa yi mini ƙorafi ba, ni ma ban sake tayar da zancen ba.

Ku da kuke aikin yanzu, ga abin da na ɗauka. Mutanen da muke aiki da su ba daga takarda suka fito ba, kowa da gidan da zai koma da yamma. Tun daga ranar, in zan tura wani intabiyu ba na fara tambayar me za a tambaye shi. Wa zai zauna a teburin nake fara tambaya.