Hancin Shanu a Littafin Fardau

Kullum da safe, kafin ƙararrawar coci ta buga, za ka hango Malama Renske a kan kekenta tana kokawa da iskar teku a bakin madatsa. Kwandon keken ba ya rabuwa da tarkace: tsofaffin kwalaye, ƙyallayen labule, ragowar takardar ado ta bango. Tana shiga aji sai ta ɗora tukunya ta dama gam na fulawa, don a cewarta ɗan shekara biyar sai ya ɗanɗana duk abin da ka ba shi, gara ya lashi wanda ba zai kwantar da shi ba.

Tun tana budurwa take koyar da ƙananan yara a ƙauyenmu, nan Friesland, kuma duk yaron da ya bi ta hannunta ya fita da littafin da ya yi da kansa. Ni ne mai ɗinke su. Ban yi nisa a karatu ba, gyaran tarun masunta na sani, sai ta ce allura ai allura ce. Abin da idona ya gani a littattafan nan! Haƙorin yaro, gashin jelar kare, igiyar takalmin kakan wani da ya rasu, har busasshen kwaɗo da mota ta taka.

Na ce, "Malama, har da wannan?"

Ta ce, "Shi ya kawo abinsa, Baba Wopke. Nemo zare mai ƙarfi."

Dokarta ɗaya ce. Ba ta rubuta komai a ƙarƙashin abin da yaro ya manna sai abin da ya faɗa da bakinsa. In ya ce kwaɗon barci yake yi, haka za ta rubuta. In bai ce komai ba, wurin ya zauna fari.

Shi ya sa littafin Fardau ya tsorata ni. Fardau 'yar Jelke ce, mai shanun madara a ƙarshen ƙauye. Ciwon baya ya kama Jelke, likita ya hana shi aiki, dole ya rabu da garken da ya gada. Tun ranar da yarinyar ta ji maganar ta daina magana, a gida da makaranta. Tana manna ciyawa, tana manna gashin saniya, amma ƙasan kowane shafi fari fat. Wata jami'a ta zo daga birni ta duba ta, ta ce in aka rufe makaranta ba ta buɗe baki ba, za a mayar da ita makarantar musamman a can, nesa da kowa nata.

Na ce wa Malama, "Ki ɗan rubuta mata wani abu mana, ko matar nan ta gani ta ƙyale ta."

Ta dube ni kamar na zagi mahaifiyarta. "In na yi magana a madadinta, me ya rage mata ta faɗa?"

A wajenmu ba a sauke labulen taga da rana sai an yi mutuwa, ko ranar da shanu za su bar gida. Ranar ba mai leƙa gidan, yaran ma akan tura su wajen dangi. To, a safiyar da babbar mota za ta kwashe shanun Jelke, ina gyara shingena, sai ga Malama Renske ta jero ajinta bibbiyu, Fardau a gaba, sun nufi gidan mai sauke labule. Guduma ta faɗi daga hannuna. Matar mai burodi ta fito tana riƙe da baki. Na bi su da takalmin katako ƙafa ɗaya.

Jelke ya tare ƙofar ɗakin shanu, idonsa jawur.

"Renske, kin haukace ne? Yau kika ga ya dace ki kawo mini 'yan kallo?"

"Ba kallo muka zo ba, aiki muka zo. Matsa."

"Wane aiki? Na ce ki kwashe su ki tafi!"

"Tun muna aji ɗaya kake da bakin hayaniya, Jelke, amma ban taɓa ganin ka ci ni a gardama ba. Zo ka riƙe wa saniyar nan kai."

Ta fito da faranti, ta dama garin gawayi da ruwan sukari, ta shafa wa saniyar farko a hanci, ta miƙa wa Fardau farar takarda ta danna a hancin. Ban taɓa sanin hancin saniya yana da zane ba, ƙanana-ƙananan layuka kamar taswirar wata ƙasa mai yawan koguna, kuma kowace da irin nata. Na tsaya ina neman inda jirgi zai bi a ciki, har wata ta lashe mini hula. Yara na ihu, shanu na lashe gawayi, direban mota na danna ham a waje. Jelke kuwa, da ya ce ba zai taɓa ba, shi ya riƙe kan kowace, yana shafa mata kunne, hawaye na bin gemunsa. Fardau ba ta ce uffan ba. Da yamma ƙauye ya ɗauka: Malama ta ƙarasa yarinyar nan.

Washegari ta tara takardun ta yamutsa su, ta turo mini. "Ɗinke su yadda suka zo, Baba Wopke."

Na jera, na huda, na zura allura. Sai wani ɗan hannu ya cafke mini wuyan hannu.

"Ba haka ba! Ka sa Sjoukje kusa da Aaltje, za su yi tunkuyi!"

Allura ta shige mini ɗan yatsa, ban ma ji ba. Fardau ce ta yi magana! Malama ba ta yi tsalle ba, ba ta rungume ta ba. Ta ɗauki alƙalami ta ce, "To, wa ke kwana kusa da wa?" Fardau ta yi ta jera su yadda suke tsayawa a turakunsu, tana faɗin mai shura, da mai tsoron kare, da wadda ba ta ba da madara sai an kunna mata rediyo. Har aka tashi Malama na rubutu.

Na tambaye ta ko da gangan ta yamutsa takardun. Ta ce, "Ɗinkinka dai ya karkace."

Malama Renske, ke ce mai haƙurin farin shafi. Ke kika bar wurin fanko lokacin da dukanmu muke so a cike shi da ƙarya. Fardau ba ta je birni ba. Yanzu ta girma, ita ke sanarwa a jirgin ruwan tsibiri, fasinjoji har roƙonta suke ta numfasa.

Makon jiya Malama ta ajiye aiki. Ana cikin shan kofi da cin kek, sai ga Fardau ta shigo da faranti baƙi ƙirin, Jelke na bin ta da littafin, an buɗe shafin ƙarshe.

Ta ce, "Malama, yau ke za ki bar mu. Miƙo hanci."

Na ɗauka za ta ƙi. Sai ta cire tabarau ta ce, "Jelke, zo ka riƙe mini kai."

Mun gode, Malama. Ku kuma masu koyar da yara, in yaro ya kawo muku kwaɗo ku nemo zare, in ya yi shiru ku bar masa wurinsa fari har ya cike da kansa.