Hannun Hagun Gwaggo Yalwa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, ashirin ga watan Afrilu, 1994, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Gwaggo Yalwa mai man gansakuka a gidanta da ke Jega, bayan jinyar da ta kwantar da ita tun kafin azumi. An yi mata sutura bayan azahar. Ni Iklima, maƙwabciyarta, ina cikin matan da suka yi mata wanka. Na so in rubuta wannan ta'aziyya da hawaye kawai, amma abin da ya fi cika mini zuciya ƙyama ce, kuma ba zan ɓoye ba.

Gwaggo, bari in fara da ke kafin in zo kan masu ɓata miki suna. Daga Gumbin Kure aure ya kawo ki Jega, kika zo da sana'ar da kika koya wurin mahaifiyarki. Idan ruwa ya ja baya, sai ki ɗauki ƙwarya ki nufi gulbi, can sama da gari, inda ba a wanki, ba a shayar da dabbobi. Gansakukar ruwa mai gudu kaɗai kike ɗiba. Ta ruwan kwance kuwa, ko kallonta ba kya yi. Ki wanke ta har yashi ya fita, ki shanya a inuwa, ki daka, ki tankaɗe, sannan ki haɗa da man kaɗe a kan wuta marar ƙarfi. Abin da ke fitowa kore ne, ba shi da kyan gani, ƙanshinsa kuma na bakin gulbi ne.

An yi miki dariya ba kaɗan ba. Akwai matan da ke toshe hanci idan kin wuce su a gidan biki, washegari kuma su aiko a asirce a sayo musu na faso. Ba ki taɓa tona ko ɗaya ba. Matan Aliero masu aikin albasa su ne ba su taɓa jin kunyarki ba. Hannuwansu kan tsattsage saboda ruwa da ƙasa da zafin albasa, su zo ran kasuwa su zauna a zaurenki, ki shafa musu da kanki kina tambayar lafiyar yara. Wadda ba ta da abin biya takan ajiye ɗan ƙullin albasa, wadda ba ta da ko wannan ma takan tafi da ƙoƙonta cike.

Ina tuna shekarar da aka ba mu jiha, lokacin da 'yan kasuwa suka fara shigo da wani man shafawa daga Kwatano, cikin gwangwani mai hoton ciyawar teku. Matan nan masu toshe hanci su ne suka fara rububinsa. Na kawo miki gwangwani ɗaya, kika juya shi, kika daɗe kina kallon hoton, sannan kika yi dariya har da hawaye.

"Iklima, ashe gansakuka na da dangi cikin teku! Su sun yi boko, tawa ta tsaya gida."

Ba ki kushe shi ba. Kin ce mai yiwuwa masu yin sa sun san aikinsu. Abu ɗaya kika tambaya: wa ya fara shafa shi kafin a kawo wa mutane?

Tambayar ba ta banza ba ce, domin ita ce dokar sana'arki. Duk haɗin da kika sauke daga wuta, sai kin lakata kin shafa a cikin hannunki na hagu, inda fata ta fi laushi, kin jira kasuwa ta zagayo. In bai yi ƙaiƙayi ba, bai yi ja ba, ki sayar. In ya yi, ki haƙa rami a bayan ɗaki ki binne tukunyar duka. Na sha ganin mata sun taso tun daga Giwa Tazo kin mayar da su hannu wofi, suna gunaguni, kina ba su haƙuri, don kawai haɗin bai cika kwanakinsa a jikinki ba.

An hana mai wankan gawa faɗin abin da ta gani in ba alheri ba ne. Wannan alheri ne, shi ya sa zan faɗa. Daga wuyan hannunki na hagu zuwa gwiwar hannu, tabo ne a kan tabo, wani baƙi, wani fari, wani ya tsufa har ya kusa ɓacewa. Kowane ɗaya tukunya ce da ba ta kai fuskar ɗiyar kowa ba. Na tsaya da ruwa a hannu na kasa ci gaba, sai da aka taɓa ni.

Yanzu ga abin ƙyamar. Tun kina kwance, Barau, ɗan ƙaninki Malam Gado, wanda ya girma yana cin tuwon gidanki, ya kafa tebur a kasuwa. Ya sa aka buga masa takarda mai hoton ciyawar teku, da sunanki a ƙasa da manyan baƙaƙe. Ina ya ga teku? Kududdufin bayan mahauta ne tekunsa, inda ake wanke tumbi da hanji, inda ƙuda ke tashi baƙi ƙirin idan an jefa dutse. Nan yake kwasar korensa da rariya. Ya dama da man bilicin mai arha don mace ta ga ta yi haske ta dawo, ya zuba turare ya danne warin.

Labarin ya iso ki a kan shimfiɗa. Ba ki zage shi ba, ni ce na zage shi a madadinki. Kika kama mini zane kika ce, "Kak ku bari sunana shi ƙona ɗiyan mutane." Ba ki roƙe ni wani abu ba bayan wannan.

Ran addu'ar uku, Tani, ɗaya daga cikin matan Aliero da kika daɗe kina yi wa magani, ta shigo gaisuwa ta rufe rabin fuska da mayafi. Da ta zauna mayafin ya zame. Kumatunta ya saɓule, wuyanta ya yi jawur yana tsattsafo ruwa. Ta ce ta ga sunanki ne ta saya, ai abin Gwaggo ba ya cuta. Ba ƙara ta kawo ba, gaisuwa ta zo yi. A daidai lokacin nan Barau yana ƙofar gida cikin farar riga, yana karɓar ta'aziyya, yana share ido.

Da kasuwa ta ci, na je teburinsa. Mata sun kewaye shi. Na ɗauki gwangwani ɗaya na buɗe na miƙa masa.

"Barau, naɗe hannun rigarka ka shafa mu gani."

"Haba Malama Iklima, mi ya yi zahi? Ni hwa jininta ne. Wanga abu gadona ne."

"To gadon ke nan nike nuna maka. Miƙo hannun hagu."

Ya dubi man, ya dube ni, sai ya tura hannun cikin aljihu. Matan suka ajiye abin da suka ɗauka ɗaya bayan ɗaya, wata har da goge yatsunta a ƙasa. Ban ce ya daina ba, domin na ji an gan shi da jakar mansa a tashar Maiyama, zai nufi wata kasuwa. Saboda haka nake roƙon duk wanda wannan rubutu ya isa gare shi: wanda ya kawo muku mai da sunan Gwaggo Yalwa, kada ku dubi takardar, ku ce ya nuna muku hannunsa.

Jiya na leƙa gidanki, Gwaggo. Na tarar da ɗiyarki Sakina a zaure, da wasu mata biyu daga Aliero riƙe da ƙoƙunansu. Tukunya tana gefe a rufe. Sakina ta ja hannun rigarta ta nuna musu ɗan kore a fatarta, ta ce su yi haƙuri su dawo in kasuwa ta zagayo. Suka tashi suna gunaguni, kamar yadda suke yi miki.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Sakina da 'yan'uwanta, da Malam Gado wanda kunyar ɗansa ta hana shi fita masallacin unguwa, da dangi na Gumbin Kure, da matan Aliero da Giwa Tazo. Allah Ya ba Tani lafiya. Allah Ya shiryi Barau, in kuwa ya ƙi shiryuwa, Allah Ya tsare fatar bayinSa daga gare shi. Ke kuma Gwaggo, Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe kurakuranki, Ya sanyaya makwancinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ranar da za a raba wa kowa sakamakon aikinsa, Allah Ya miƙa miki naki a hannun dama. Na hagun kin riga kin ba mu shi tun a duniya. Amin.