Ranar da Baffan Yarinya Ya Zo Kallon Kaset

A shekarar da sojoji suka koma bariki, ƙanena ya zama ɗan damfara a bakin mutanen Kambarawa, alhali ko allurar wani bai taɓa ɗauka ba. Tela ne, shagonsa na bakin titi, kuma ni na goya shi, don haka na san halinsa ciki da waje. Wasan kwaikwayo ne ya ja masa. Shi da abokansa suna da wata 'yar ƙungiya, suka samu mai kyamarar ɗaukar biki, suka haɗa fim na ban dariya a kaset, shi ya fito a matsayin mazambacin.

Labarin ba wani mai zurfi ba ne. Wani ne ya ari babbar riga ya shiga ƙauye, ya ce shi wakilin sabon ɗan majalisa ne, an turo shi ya zaɓi inda za a haƙa rijiyar burtsatse. Sai ya riƙa yawo da igiya yana awon ƙofar gidaje, yana raɗa wa kowane maigida cewa a ƙofarsa za a haƙa, amma kada ya gaya wa kowa. Duk gidan da ya shiga sai an yanka masa kaza. Har ya yi kumatu kafin matan garin su haɗu wajen ɗibar ruwa, su gano alkawari ɗaya aka yi wa mazajensu, su bi shi da muciya.

Lokacin ba kowane gida ke da bidiyo a layinmu ba, mu kuwa muna da shi. Da an kawo wuta da rana sai mata su cika mini ɗaki, kowa da goyonta, a ce a sa na telan nan. An kalle shi har hoton ya fara rawa. Ni dai ba fim ɗin nake saurare ba, bakin 'yan kallo nake bi. Wata maƙwabciyata mai sayar da awara kullum cewa take mutanen ƙauyen ne da laifi, kwaɗayi ya kai su, da ita ce matar gidan ko fiffiken kazar ba zai gani ba. Wata tsohuwar Hajiya kuma haushi take ji da aka bar shi ya tsira da bugun muciya kawai. Ita har fasa kai wa ƙanena ɗinkin Sallah ta yi, ta ce ba ta ba mai irin wannan baki atamfarta. Maigidana ya kalla sau ɗaya, ya ce ai wannan ba wasa ba ne, mu jira mu ga masu manyan rigunan gaske da muka zaɓa. 'Yan acaɓa kuwa in sun wuce shagon sai su yi masa hon, su ce ranka ya daɗe, yaushe za a zo awo? Shi ko daɗi yake ji, ni ma ina taya shi.

Ana cikin haka ya ga yarinyar da yake so. 'Yar wasu makiyaya ce da suka daɗe da zama a gefen Batagarawa, tana zaune wurin gwaggonta a unguwarmu tana zuwa Islamiyya. Ita ma tana son sa, ba ta ɓoye ba. Ban taɓa ganin ƙanena ya nutsu a kan abu kamar yadda ya nutsu a kanta ba. Manya suka je neman izini, aka karɓe su da mutunci, aka ce a ba su lokaci su yi bincike. Ubanta ba ya sa baki a zancen 'yar fari saboda kunya, don haka maganar tana hannun baffanta, ƙanen uban.

Mai bincike ba dangi yake tambaya ba, maƙwabta yake bi. Baffan ya shigo gari ya zaga, masallaci da teburin mai shayi da majalisar bakin titi. Babu wanda ya faɗi aibu, sai dai duk wanda ya buɗe baki da fim ɗin yake farawa, yana dariya yana cewa ai yaron nan in ya tsara ka sai ka sayar da gonarka. Su a ganinsu yabo ne. Dattijon ya zo wurin maigidana ya ce shi bai gane ba, a nuna masa abin ya gani da idonsa.

Ranar wata Asabar aka yi sa'ar wuta bayan Azahar. Aka fito da talabijin zaure, aka shimfiɗa masa tabarma. Na kai fura na durƙusa muka gaisa, ya tambayi gida da yara da gajiya, na tambayi iyali da dabbobi, sannan na koma bayan labule na tsaya. Ƙanena ba zai zauna gaban suruki ba, yana can shago yana jira.

Da farko dattijon ya zauna a ɗaure, sandarsa a kan cinya. Da aka zo wurin awo da igiya sai na ji wani ɗan sauti ya kuɓuce masa. Kafin a kai kaza ta uku ya ajiye sandar, ya cire hula, yana share hawaye da bakin rigarsa. Har roƙon maigidana ya yi a mayar masa da wurin da ake raɗa wa wani tsoho magana a kunne. Raina ya yi fari, na fara tunanin kayan lefe.

Da aka gama ya sha furarsa, ya mayar da hula, ya dubi maigidana.

"Malam, yaron ga ya iya," in ji shi. "Tun kahin a kunna ka hwaɗa mani wasa ne. Amma da ya duƙa shina raɗa ma tsohon nan magana, wallahi sai da na ji ina son a haƙa a ƙohwar gidana."

Maigidana ya yi dariya ya ce, "Ai ka ga gwanintar ke nan, Baffa."

"Ita na gani. To ni ke nan da hurhurata. Ina ga yarinya? Ran da ya dube ta ya hwaɗa mata magana, da mi za ta gane wace ce ta gaske?"

"Baffa, yaron ba shi da mugun hali. Ni shaida ne."

"Ban ce mugu ba ne. Kowa na tambaya ya yabe shi. Amma ɗiyar ɗan'uwana amana ce, ba ni kai ta inda ni kaina ban iya rarrabewa. A ba shi haƙuri."

Babu faɗa, babu ɗaga murya. Ya yi godiyar fura, ya yi mana addu'a, maigidana ya raka shi bakin titi. Na ji haushin dattijon ƙwarai, kuma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na rasa ta inda zan kama shi da rashin gaskiya.

Ni na ce zan kai saƙon. Na yafa mayafi na tafi shagon, na tarar da shi a kan keke yana ɗinka wuyan wata riga. Yana ganina ya tsayar da ƙafa.

"Yaya, ya kalla?"

"Ya kalla har ƙarshe."

"Ya yi dariya kuwa?"

"Har da hawaye."

Fuskarsa ta washe. "A wane wuri?"

"Wurin raɗar nan. Sai da ya sa aka maido mashi."

"Na san nan ne," ya ce, yana murmushi. "Nan na hi ba ƙarhi."

Sai a lokacin ya dubi fuskata da kyau. Murmushin ya daɗe bai gama sauka ba. Bai sake tambayata ba. Ya juya ya gyara zaman rigar a ƙarƙashin allura, ya ɗora ƙafa a kan keken, amma har na fita bai taka ba.