Baba Mai Fenti da Tagwayen Bango

Duk wanda ke bi ta bayan cocinmu da safe ya san ƙarar nan, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Baba Mai Fenti ne yake buɗe gwangwani da tsohon cokali. Kafin ya taɓa kowane aiki sai ya jera buroshinsa a kan benci daga babba zuwa ƙarami, yana shafa gashin kowanne da yatsa kamar mai duba kan jikokinsa. Daga nan ya shiga ciki, ya cire hula, ya tsaya gaban bangon da ke bayan mumbari, ya ɗaga kai. Sai ya gama bin rubutun da ke wurin da ido, daga dama zuwa hagu, sannan yake amsa gaisuwa. In ka gaishe shi kafin nan, to bango ka gaisar.

Ni magini ne, ko in ce mai miƙa wa magini bulo. Karatuna bai yi nisa ba. Amma da aka ce Baba zai ajiye buroshi, na ga bai kamata ya tafi shiru ba, tunda abin da zan faɗa a gabana aka yi shi.

Rubutun nan layi ɗaya ne, da baƙin fenti, cikin haruffan Ibrananci. Faston farko ne ya sa aka yi shi, tun ba a haifi iyayen wasunmu ba. Fastonmu na yanzu, wanda ya taɓa yaren a makarantar Littafi Mai Tsarki, ya ce ma'anarsa ita ce maganar Allahnmu tana nan daram har abada. Baba bai iya karanta shi ba, kuma bai taɓa yin kamar ya iya ba. Sai dai kowane harafi ya raɗa masa suna. Akwai Sanda. Akwai Dogo, wanda wuyansa ya fi na kowa tsawo. Akwai Akwati, akwai Mai Karyayyar Ƙafa. Akwai wasu biyu masu kama da juna, ɗaya Mai Ƙeya, ɗaya Marar Ƙeya, kuma in kana son ganin ɓacin ran Baba, ce masa ai duk ɗaya ne. Sai kuma waɗansu 'yan mitsi-mitsi guda biyu da ke rataye a saman layi, ba su kai ɗan yatsa ba. Su ne Tagwaye.

Baba yana da doka biyu. Ta farko, ba ya shafe layin gaba ɗaya ya sake sabo. In fenti ya koɗe, harafi ɗaya yake sabuntawa, sauran suna tsaye suna kallonsa. Ta biyu, ba ya zana komai da ka. Ko Sanda ce, wadda yaro ma zai iya ja, sai ya dubi ta da, ya auna ta da tsinken tsintsiya, sannan ya ɗora buroshi.

Na taɓa tambayarsa, "Baba, shekara da shekaru kana wannan abu, ai ko ido rufe za ka yi shi."

Ya ce, "Ɗana, ƙwaƙwalwa ce ke ƙara gishiri. Ido ba ya ƙarawa. In na yi da ka, bana in ba Dogo ɗan tumbi, baɗi in ƙara masa hula, kafin ka yi aure ya zama ɗan kasuwa."

Tsinken da yake awo da shi kuwa daga tsintsiyar matarsa yake zarowa, kuma wannan rigima ta girme ni. Matarsa ita ce shugabar mata masu share coci, kowa Mama Mai Soso yake ce mata. Tsofaffinmu sun ce a kan Tagwaye suka haɗu. Tana budurwa aka sa ta goge bango, ta hango wani ɗan baƙin abu a sama, ta ce kashin tsaka ne. Ta ɗaura soson ƙarfe a kan sanda, ta dirje shi tas, ta koma gida tana jin ta yi wa Allah aiki. Washegari saurayi mai fenti ya zo ya tarar ɗaya daga cikin Tagwaye babu shi. Aka ce har bakin titi ana jin muryarsa. Ya dubi wanda ya rage, ya auna, ya mayar da ɗan'uwansa. Bayan mako biyu ta sake goge shi, ta ce tsakar ce ta dawo. Na uku kuwa, Mama da bakinta take cewa da gangan ta yi.

"To ya zan yi?" in ji ta. "Mutum ba ya kallon kowa sai bango. Na ce bari in taɓa bangon ko zai juyo."

Ya juyo kuwa. Tun daga auren nan babu macen da ta isa ta kai soso kusa da layin. Duk sabuwar da ta shiga ƙungiyarsu, kafin a ba ta tsintsiya sai Mama ta kai ta gaban bango ta nuna mata: "Kin ga waɗancan biyun? Ba datti ba ne. Ni kaɗai ke da izinin goge su." Har yau in Baba ya ɓata mata rai a gida, ba ta dogon surutu. Cewa take, "Tsoho, ina sosona?" Sai ka ga Baba ya gyara zama.

Bara jama'a suka yi yawa, har wasu suna tsayawa a taga. Dattawa suka yanke shawara a ƙara tsawon cocin ta baya. Muka gina sabon bango can nesa, muka haɗa rufi, ya rage a rushe tsohon bangon da ya tsaya a tsakani. Ranar da na ɗauko guduma, sai na tarar da Baba a zaune a gindin bangon kan gwangwanin fenti, ya harɗe ƙafa.

Maigidana, babban magini, ya ce, "Baba, a matsa mana, kar bulo ya faɗo maka."

Baba ya ce, "Ya faɗo. Ku rushe dama, ku rushe hagu. Amma inda rubutun nan yake ba za a taɓa ba sai na ƙaurar da su sabon bango."

"Sabon bango ko yaɓe bai sha ba!"

"To sai mu jira shi. Ni ba na sauri."

Aka kira Fasto. Fastonmu mutum ne mai sanyin hali. Ya durƙusa kusa da shi ya ce, "Baba, ka san fa maganar Allah ba a bango take zaune ba. Ko an rushe cocin nan duka, tana nan. Ga ta a littafi, ga hotonta na ɗauka a waya."

Baba ya ce, "Na sani, Fasto. Ba ni nake riƙe da ita ba, ita take riƙe da ni. Amma kai ka faɗa mana a wa'azi cewa ta iso hannunmu ne don wasu bayin Allah sun zauna suna duban na gabansu suna kwafa, ba ƙari ba ragi. Kai ka ce Ubangiji Yesu ya ambaci ɗan ƙaramin harafin nan, irin Tagwaye, ya ce ko shi ba zai ɓace ba. To ni ma nawa layin ke nan. Wayarka kuma na gwada ta, ina cikin kallo sai ta rufe ido."

Fasto ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa, ya ce wa maigidana, "Da bakina ya kama ni. A bar masa."

Haka aka yi. Muka rushe dama da hagu, guntun bango ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar coci kamar baƙon da ya ƙi tafiya. An mayar da mumbari can gaba, don haka duk wanda ya zauna a bencin da ke gaban rubutun, Fasto ba ya ganinsa. Jama'a, ban taɓa sanin muna da masu son zuwa coci da wuri haka ba. Mutanen da sai an kusa addu'ar rufewa suke shigowa, yanzu su ne ke jiran a buɗe ƙofa. Ana fara wa'azi sai ka ji minshari yana tasowa daga bayan bango, Fasto yana leƙe ta dama yana leƙe ta hagu. Aka yi wani ɗaurin aure, ango da amarya suna tafe hannu da hannu, suka iso bango, dole aka rabu, shi ya bi dama ita ta bi hagu. Uwar amarya ta ce ita ba ta taɓa ganin auren da aka fara shi da rabuwa ba. Kowa ya tasa Baba a gaba da tsiya, shi kuwa ko a jikinsa.

Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne hannun Baba ya fara rawa. Ni na gani, don ni nake riƙe masa tsani bayan sabon bango ya bushe. Rubutun tsohon bango ƙofar shiga yake kallo, sabon bango kuma yana bayansa. Saboda haka kowane ɗan layi sai Baba ya sauko, ya zagaya, ya duba, ya auna da tsinke, ya dawo, ya hau. Manyan haruffa sun yi masa sauƙi, don yana jingina hannu a kan katako ya ja a hankali. Sanda ta ƙaura, Dogo ya ƙaura, Mai Ƙeya ya tafi da ƙeyarsa. Tagwaye ya bari sai ƙarshe, kuma na san dalili.

Ana nan sai guntun bangon ya fara tsagewa daga sama. Maigidana ya ce ba zai bar shi ya sake ganin Lahadi ba, kar ya faɗo wa masu barci. Wannan karon gaskiya ce da shi, Baba ma bai yi musu ba.

Ranar Asabar da rana, mata suna shara, Baba ya hau katakon da muka kafa masa, ya ɗauki ƙaramin buroshinsa. Ya ɗora, hannu ya karkaɗa, abin ya fito kamar an murƙushe ƙuda. Ya goge da tsumma da kananzir. Ya sake, ya fito da wutsiya biyu. Ya goge. Ya sake. Daga nan sai ya zauna a kan katakon, ya ajiye buroshi a cinya, yana kallon hannunsa. Tsintsiyoyi suka tsaya.

Ya ce, "Fasto, ko za ka gwada?"

Fasto ya ce, "Baba, karantawa na iya. Rubutuna ko matata ba ta gane shi."

Baba ya dube ni. Na nuna masa hannuna, ya ga guduma kaɗai ya sani, ya kau da kai.

Sai muka ji an jefar da tsintsiya. Mama Mai Soso ta ɗaure zani tamau ta nufo tsani.

Baba ya ce, "Tsohuwa, ina za ki?"

"Matsa mini."

"Ke da aikinki gogewa ne?"

"Wanda ya goge abu sau uku ai ya san inda yake lanƙwasa. Kai ka san fenti, ni na san Tagwaye. Matsa, ka cika katako."

"Ba a yi da ka," in ji Baba. "Je ki duba."

Ta harare shi har na ɗauka sosonta za ta tambaya. Amma ta juya, ta zagaya tsohon bango, ta tsaya ta duba da kyau, ta zari tsinke daga tsintsiyarta da hannunta, ta auna, ta dawo ta hau. Ta kama wuyan hannunsa da hannu biyu, irin riƙon da take wa sandar soso. Shi yana riƙe da buroshi, ita tana riƙe da shi. Ɗan kai a sama, 'yar wutsiya ta lanƙwaso ƙasa. Suka matsa, suka yi ɗan'uwansa. Duk suna yi suna faɗa.

"Kina danne ni."

"Kai ne kake gudu."

Da suka sauko, Baba ya zagaya ya dubi na da, ya dawo ya dubi sabo, ya sake komawa. Fasto ya tsaya ya karanta layin da ƙarfi daga dama zuwa hagu, bai yi tuntuɓe ko ɗaya ba. Sannan Baba ya sa hularsa, ya dube ni ya ce, "Ɗana, buga."

Na buga. Masu barci ne kaɗai suka yi baƙin ciki.

Baba, kai ne wanda bai iya karanta layin nan ba, amma ka tsare shi har mu da muka zo daga baya muka same shi yadda aka bar shi. Kai ne ka sha tsiyar coci guda ba ka ɗaga murya ba. Kai ne ka nuna mini cewa in an ba mutum abu ya miƙa gaba, ba a so ya yi masa kwalliya, so ake ya isar da shi yadda yake. Da ana ce mini maganar Allah ba ta canzawa, kai kawai nake gyaɗawa. Sai da na riƙe maka tsani na ga yawan sauka da hawan da ke cikin wannan magana. Mai awo da tsinke, angon Mai Soso, mun gode. Mama, ke ma mun gode, da gogewar da riƙon duka.

Ku kuma 'yan'uwana matasa, Baba ya bar buroshinsa a jere a kan benci, ya ce duk mai so ya zo ya koya, zai zauna a ƙasa yana yi masa faɗa kyauta. Ba a neman mai ilimi, mai haƙurin zagayawa ya duba ake nema. Fenti zai sake koɗewa, wannan ba shakka. Kar mu bari ranar ta zo a rasa mai hawa tsani.

Cikin ɓaraguzan ranar nan Baba ya tsinci guntun yaɓe mai ɗauke da ɗaya daga cikin tsofaffin Tagwaye, ya kai shi gida ya ajiye a kan kabad. Jiya na je gaishe su, na tarar Mama tana kallonsa tana cewa ƙura yake tara mata, bari ta ɗauko soso. Baba ya miƙe da sauri ya sa shi a aljihu.