Wutar Wundara: Shekara Tara Bayan Gwaggo Dije

Shekara tara ke nan da Allah Ya karɓi ran Gwaggo Dije, ƙanwar mahaifinmu, mai sayar da atamfa a kasuwar Kilomita Biyar a nan Bangui. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta. Duk shekara idan watan rasuwarta ya kama nakan ce zan rubuta wani abu a kanta, sai in ɗauki biro in ajiye, don abin da ke raina ba mai daɗin faɗa ba ne. Bana kuwa da farin ciki nake rubutu, kuma ba zan yi kara ba: mun yi nasara.

Gwaggo ba ta haihu ba, ba ta shiga boko ba, bakinta kuma kaifi gare shi, in ta yanka maka magana sai ka kwana biyu kana jin zafinta. Amma ta bar mana gadon da babu attajirin unguwar nan da ya bar wa 'ya'yansa irinsa. Ƙasa guda ta bar mana, da koginta da kasuwarta da mutanenta. Sunanta Wundara, kuma kada ku wahalar da kanku neman ta a taswira, daga kan Gwaggo ta fito.

A Wundara kogi gabas yake yi da safe, da yamma ya juyo ya yi yamma. Saboda haka duk wanda ya yi fushi ya shiga jirgi ya ce ya bar garin, kafin magariba ruwa ya dawo da shi ƙofar gidansu, ya sauka yana borin kunya. Ƙabilu huɗu ne a ƙasar. Akwai Rassawa, masu zama a kan bishiyoyi, waɗanda ƙafarsu ba ta taɓa ƙasa, kuma in za su yi magana da na ƙasa sai su rufe ido, don a wurinsu kallon mutum daga sama cin mutunci ne. Akwai Kumfawa, mutanen ruwa, maƙaryata na ƙin ƙarawa, har gasar ƙarya suke yi ranar biki, amma in Bakumfe ya yi ƙarya a kasuwa sai a kwance jirginsa a bar wa kogi. Gishirawa kuwa masu haƙar gishiri ne, ba su iya cewa a'a ba, in sun ƙi abu sai su zuba maka gishiri a tafin hannu su yi shiru. Sai Tokawa, masu tsaron wuta. Babu mai kunna wuta a Wundara sai su, kuma kasuwa ba ta ci sai Batokiya ta buɗe ta da waƙa.

Ga inda wayon tsohuwar nan yake. Ba ta taɓa ba mutum ɗaya labarin ƙasar duka ba. Kowane yaro da ƙabilarsa. Sai ta kira ka shago ka taya ta ninke atamfa, kuna ninkewa tana raɗa maka al'adun mutanenka a kunne: yadda suke aure, yadda suke binne mamaci, abin da suke tsoro, abin da ba a faɗa wa baƙo. In ka kwashe ka gaya wa wani, ta ƙwace ƙabilar. Ni Rassawa ta ba ni. Yayana Bala, Kumfawa, kuma wallahi ta san wanda ta zaɓa. Iliya ɗan baffanmu, miskili, ya samu Gishirawa. Ranar Juma'a, bayan maza sun dawo daga Masallacin Koudoukou an ci abinci, sai mu taru a tsakar gidanta a unguwar Kokoro. Ta kawo rigima, misali akuyar Gishirawa ta ci igiyar jirgin Bakumfe, kowa ya tsaya wa mutanensa bisa al'adarsu. Doka ɗaya ce: da Hausa ake cin kasuwar Wundara. Wanda ya saki Sango, yaren garin nan, ya fita bakin ƙofa sai ya samo kalmar.

Tokawa kuwa, Solange Gwaggo ta ba wa. Solange 'yar unguwar Miskine ce, Kirista, uwarta na soya makala, wani irin fanke, a gefen shagon Gwaggo, kuma a bakin shagon nan ta tsinci Hausarta. Gwaggo ba ta iya faɗin sunanta ba, Sulanji take ce mata. Ranar da aka ba ta wuta Yaya Bala ya yi tsalle ya dire, wai ya za a ɗauki ƙabila mafi girma a ba 'yar maƙwabta. Gwaggo ta dube shi sama da ƙasa ta ce, “Ƙasata ce ko taka?”

Muka girma, aka yi aure, amma Juma'ar Gwaggo ba ta mutu ba, sai dai ta yi ta raguwa. Sannan rikicin garin nan ya zo, wanda ya raba Musulmi da Kirista. Ba zan tsaya bayaninsa ba, duk mai karanta wannan a Bangui ya san inda nasa tabon yake. An wawashe shagon Gwaggo. Gidan Yaya Bala na Miskine ko ƙofa ba a bari ba. Iliya ya bi mota ya tafi Garwa, har yau can yake. Su Solange ma sun gudu da abin da ke jikinsu, ƙaninta kuma bai tsira ba. Gwaggo ta ƙi fita unguwar, ta ce ita ba kaya ba ce da za a ɗora ta a mota. Ba ta daɗe sosai bayan haka ba ciwo ya kwantar da ita, kuma har ta cika tana tambaya ina Sulanji.

Abin da ya tsaya mini a rai tsawon shekarun nan shi ne Wundara za ta mutu a hannunmu. Ina da 'ya mai sunan Gwaggo, Dije ƙarama muke ce mata. In na yi mata Hausa sai ta mayar mini da Sango, ita da sa'o'inta duka, ido a kan waya. Nakan ba ta labarin Rassawa, ta saurara, ta ce to sai me ya faru? Ba abin da ya faru! Rassawa su kaɗai ba su da labari, mutane ne a kan bishiya suna rufe ido. Sai an ci kasuwa labari ke tashi, kasuwa kuma ba ta ci sai da Batokiya, ita kuwa tana can wani gefen gari, tsakaninmu da ita akwai gawarwaki.

Bara na gaji na ce zan ƙirƙiro Tokawa da kaina. Na tara yara a gidan Gwaggo, inda Yaya Bala ke zaune yanzu, na fara zuba. Shi kuwa Yaya ya daɗe da rantsuwa cewa ba ya son jin sunan kowa na wancan gefen, kuma ya ce Wundara shirmen yara ce. Yana alwala a bakin rijiya, ina cewa Tokawa a kasko suke ɗaukar garwashi, sai na ji ya dangwarar da buta.

“Ke Asabe, a kasko? A ƙahon sa suke ɗauka! Kuma wannan kukan da kike yi shi ne waƙar buɗe kasuwa? Haba, ki ji tsoron Allah.”

“To Yaya, rera mana ta gaskiyar.”

“Ina na san ta duka? Ba tawa ba ce.”

“To a nemo mai ita mana!”

Ya ɗauki butarsa ya shige ɗaki. Bai ce e ba, amma ni na san yayana, da a'a ce da unguwa ta ji.

Neman Solange ya ci mini wata da watanni. A ƙarshe wata mai kawo mana garin gozo, wato garin rogon da ake tuƙa tuwo da shi, ita ce ta samo mini lambarta. Da na kira na yi mata sallama da Sango, na roƙe ta ta zo gidan Gwaggo ta buɗe mana kasuwa. Sai ta ce da Hausa, irin Hausar Gwaggo sak, “Asabe, kin san abin da kike roƙo na kuwa? A kan hanyar unguwarku aka kashe mini ƙane.” Na ce na sani. Na gaya mata Gwaggo ta tafi da sunanta a baki. Muka yi kuka mu biyu a waya, ba kunya. Ta ce ba ta yi mini alkawari ba.

Juma'ar da na ce mata ta zo, na tara yaran dangi, na kira Iliya ta bidiyo aka jingina wayar jikin turmi. Aka yi la'asar shiru. Na fara shirya abin da zan gaya wa yara. Sai ga ƙarar babur a ƙofar gida. Solange ta sauko, ta yi ƙiba, furfura ta fito mata, tana riƙe da hannun 'yarta. Kafin in tashi Yaya Bala ya riga ni, ya tsaya ƙiƙam a bakin zaure ya cika ƙofar. Na ce a raina shi ke nan, mutumin nan zai kunyata mu.

Sai ya sunkuya ya ɗauki buta, ya zuba mata ruwa a ƙafar dama. Haka Kumfawa ke tarbar baƙon da suka yarda ya hau jirginsu. Solange ta dube shi, ta ɗaga tafin hannunta ta hura, gaisuwar Tokawa ke nan. Ta ce, “Yaya Bala, har yanzu kana ƙarya?” Ya ce, “Na tuba, sai ranar biki.” Na rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo ta katanga.

Muka zauna muna jiran waƙar buɗe kasuwa. Solange ta ce ba za a buɗe ba, wutar Wundara ta mutu. Wannan bai taɓa faruwa ba duk zamanin Gwaggo, babu ɗayanmu da ya san yadda ake yi. Ta ce ita ta sani, Gwaggo ta raɗa mata tun tana yarinya: Tokawa tsaron wuta suka iya, in ta mutu ba su da abin tayar da ita, sai sun bi ƙabilu suna roƙo. Ta juyo gare ni ta ce, “Rassawa, me kuke sokewa a gashinku?” Busasshen tsinke! Gwaggo ta gaya mini kowace 'yar Rassawa da busasshen tsinke take yawo a kitsonta, na tambaye ta dalili ta ce in ci gaba da ninki. Ta tambayi Kumfawa me suke ratayewa a wuya. Yaya ya yi sororo, ya ce mafici, alhali a kan ruwa suke, zafi bai dame su ba. Kafin ta juya kan waya Iliya, wanda ba ya magana sai an matsa, ya ƙwala ihu daga Garwa: “Dutsen ƙyastu! A bakin zani muke ƙulle shi!” Kowannenmu ya ɗauki nasa shekara da shekaru a matsayin kwalliya.

Ina za a samu ƙyastu a Bangui? Iliya ya ba da izini a ƙyasta ashana a madadinsa. Na zaro tsinken tsintsiya, Yaya ya kawo maficin murhu, ya durƙusa da babbar rigarsa ta Juma'a yana fifita, hawaye na zuba, wai hayaƙi ne. Wuta ta kama. Solange ta miƙe ta rera waƙar, tun daga farko har ƙarshe, ba ta ci kalma ɗaya ba. Aka ci kasuwa har rana ta yi ja, kuma da bakinta ta kori Dije ƙarama bakin ƙofa don ta saki Sango.

Nakan tambayi kaina me Gwaggo za ta ce da ta ga wannan rana. Ba na jin za ta yabe mu. Cewa za ta yi, shekara nawa kuka ɓata, sakarkaru? Za ta yi wa Iliya tsiya cewa ya shiga kwali yana magana. Za ta yi takaicin Hausar jikokinta, za ta yi takaicin rumfunan da har yau ba su koma hannun masu su ba, da gidajen Miskine da ciyawa ta cinye. Ban ce ta hango abin da zai faru ba, gaibu na Allah ne. 'Yar kasuwa ce kawai da ta san maƙwabta na ɓatawa, sai ta gina ƙasarta yadda babu wanda zai iya riƙe ta shi kaɗai.

To me ya rage na Gwaggo Dije? Shagon wani ke sayar da kayan waya a ciki. Atamfofinta sun tafi da masu wawaso. Kabarinta ma Yaya ne kaɗai ke iya nuna shi. Amma Wundara na nan da ranta, har ta yi 'ya'ya. Yanzu duk Juma'ar farkon wata babur na sauke Solange a Kokoro, kuma ba ita kaɗai ba, yaran layinsu sun fara maƙale mata, Hausarsu a karkace, ana dariya ana gyara musu. Yaran sun ishe mu da cewa ƙabila huɗu ta yi musu kaɗan, har sun haifo ta biyar, wasu mutane masu zama a ƙarƙashin kogi, kuma sun ƙi gaya mana ko da sunan sarkinsu. Watan jiya, karo na farko tun rikicin, ni da Yaya Bala muka hau babur muka tsallaka gari, don yaran can sun ce ba kullum su ne za su riƙa zuwa ba. A tsakar gidan Solange aka ci kasuwar, kuma Yaya ne ya ce a ƙara masa gozo.