Kawu da Warin Albasa

Ranar Asabar da hantsi, ni da ƙanena muna buɗe rumbun albasa a Goronyo, sai warin wata ruɓaɓɓiya ya bugi hancina. Nan take na tuna da Kawu, yayan mahaifiyarmu.

Kawu makaho ne, kuma ware albasa mai kyau daga mai ruɓewa ce sana'arsa. Yakan zauna kan buhu, ya murza wuyan kowace da babban yatsa, ya kai ta hanci, sannan ya jefa dama ko hagu. Har yau ina jin ƙarar ɓawon a hannunsa.

Da aka kawo shirin koya wa masu buƙata ta musamman sana'a, ni na raka shi taron. Jami'in shirin ya ce haɗa sabulu za a koyar. Kawu ya ɗaga sandarsa.

"Ranka shi daɗe, mi ya haɗa mu da sabulu, ga albasa bakin ƙofa? Ku ba ni makafin yaran ga in koya musu. Aikin ga hanci shika so, ba ido ba."

Jami'in ya yi dariya. "Gaskiyarka, Baba. Amma yanzu damina ce, mu bari sai kakar albasa."

Kawu ya ce, "Ɗana, albasa tana iya jira cikin rumbu. Tsoho ba shi da rumbu."

Ya rasu kafin a yanke gero. Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya ba yaran nan abin dogaro da kai.

Da kakar ta zo, yaran sun hallara da sandunansu, amma ba a samu mai koya musu ba. Sabulun aka koya musu.